Idon Magini: Falke Barmu Da Masallacin Yama

A ƙarshen shekarar 1986 an yi taro a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko domin miƙa kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bayarwa sau ɗaya duk shekara uku ga ayyukan da suka yi fice a tsakanin al'ummomin Musulmi na duniya. Ayyuka shida ne suka yi nasara a wannan karon. Akwai gyaran da aka yi wa Masallacin Al-Aƙsa a birnin Ƙudus, da raya tsohon garin Mostar a ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani, da wani ginin ofisoshi a Istanbul, da wata unguwar gidaje a Kasablanka, da masallacin Bhong a Pakistan. Cikon na shidan masallacin Juma'a ne na laka a wani ƙauye mai suna Yama, cikin ƙaramar hukumar Badagishiri ta gundumar Illela, wato Illelar Nijar da ke jihar Tawa, ba ta Sakkwato ba. Wanda ya tsara masallacin kuma ya gina shi ɗan garin ne, manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu.

Tun daga lokacin hotunan wannan masallaci suka shiga littattafai da mujallun masana gini a ƙasashe da dama. Amma a nan gida, yaro yana iya gama sakandare a Birnin Ƙonni ko Malbaza, inda tafiya zuwa Yama ba ta kai ta rabin yini ba, bai taɓa jin sunan Falke a aji ba. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin aikin nasa, mu malamai da iyaye. Abin da nake so mu duba shi ne yadda mutumin yake kallon abin da ke kewaye da shi, da inda ya riƙa samo sabon tunani har shekara ashirin a kan gini ɗaya. Magini da hannunsa yake magana, don haka ginin za mu karanta.

Ƙasar da idonsa ya buɗe a cikinta

Yama tana cikin ƙasar Adar. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ya san yanayin wurin: tuddai masu duwatsu, kwaruruka da ruwa ke bi da damina, jar ƙasa, ga rana mai ƙuna wadda a watannin Afrilu da Mayu zafinta ke wuce digiri 40. Manyan itatuwa ba su da yawa. Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo a ƙauyukan yankin shi ne rufewa, wato rumbun laka na ajiyar hatsi. Za ka gan su jere a cikin gari, masu faffaɗan ciki da ƙaramin baki kamar manyan tuluna, wasu sun fi ɗakin kwana tsayi. Da hannu ake ɗaga su, zagaye bisa zagaye, ana barin kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Bangonsu siriri ne, amma yana riƙe gero na shekara.

Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya riga ya ga darussan gini masu yawa kafin ya san sunansu. Ya ga laka tana iya lanƙwasa ta yi tulluwa ba tare da ƙarfe ba. Ya ga suri yadda gara ke ɗaga shi, gindi da faɗi, kai da tsini, ruwan sama na zuba a kansa shekara da shekaru bai faɗi ba. Ya ga mata suna ginin tukunya. Ya ga inda ruwa ke cin bango da inda ba ya ci. Dubban yara sun ga waɗannan abubuwa tare da Falke. Abin da ya raba shi da su shi ne ya tsaya ya lura, ya riƙe abin da ya gani, har ranar da ya yi masa amfani.

Aikin farko, 1962

Nijar ta sami 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta 1960. Shekara biyu bayan haka, a 1962, dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a da zai ɗauki jama'ar gari. Abin da suka nema ba mai wuya ba ne: ɗaki mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere suna riƙe da rufi, da mihirabi wanda za a gane shi daga waje. Suka ba Falke aikin.

Gayya aka yi. Mai fili ya ba da fili. Wasu suka buga tubali suka shanya a rana, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka shiga daji neman itace, kowane gida da abin da ya iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle masallacin gari.

Ya kamata mu tuna da zamanin da ake ciki. A waɗannan shekaru na 1960 ne aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, can kudu da Yama kaɗan. Sabuwar ƙasa tana gina ofisoshi da makarantu da asibitoci, kuma a idon mutane da yawa siminti da kwano su ne alamar ci gaba, laka kuwa alamar zaman ƙauye. Mutanen Yama suka yi gininsu da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu da kuma sanin da ke hannunsu.

Masallacin da aka gama a wancan karo gini ne mai sauƙi, irin wanda za a iya gani a garuruwa da yawa. An ba magini umarni, ya cika shi yadda aka ce. Da a nan labarin ya tsaya, babu wanda zai kira sunan Yama a Marrakesh. Wannan abin lura ne ga duk malamin da ke saurin yanke wa ɗalibi hukunci daga aikinsa na farko.

Gyaran da ya zama ƙirƙira

Ginin laka yana da wata ɗabi'a da kowane Bahaushe ya sani: ba a gama shi a juya masa baya. Damina tana wanke yaɓe, gara tana bin itace, rufi yana tsufa. Wajen shekarar 1975 rufin masallacin Yama ya buƙaci gyara. Lokacin kuwa ba na wadata ba ne. Yankin Sahel bai daɗe da fita daga farin da ya yi tsanani a 1973 da 1974 ba, farin da ya kashe dabbobi ya tarwatsa iyalai, wanda kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau mulki. A irin wannan hali, da an toshe inda ke yoyo an sake yaɓe, babu wanda zai ga laifin kowa.

Falke bai tsaya a toshe yoyo ba. Ya sauke tsohon rufin ya ɗora sabo a kan bakuna, wato irin lanƙwasar nan da magina ke kira bakan gizo. Ya ɗaga tulluwa a tsakiyar ginin. Daga nan ya shiga kusurwoyi huɗu yana gina hasumiya a kowace, aikin da ya ci gaba har zuwa 1982.

Bari mu tsaya a kan bakan, domin a nan ne ake ganin yadda tunaninsa ke aiki. Bakan gizo tsohuwar fasaha ce a ƙasar Hausa. Wanda ya fi shahara da ita shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim cikin shekarun 1830. A can kudu magina suna da azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya. Tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi. Ana jera ta guntu bisa guntu, kowane yana ɗan leƙowa gaba da na ƙasansa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har hannu biyu na bakan su haɗu a sama.

A Adar itace kansa abin nema ne, balle zaɓaɓɓe. Abin da aka yi a Yama shi ne tara ƙananan sanduna a ɗaure su dami-dami, a dasa gindinsu cikin ginshiƙi, a tanƙwara su su haɗu, sannan a bi su da laka. Sanda ɗaya ba ta iya ɗaukar komai, amma dami yana ɗauka. Manomin da ya saba ɗaure damin gero da ɗaurin tankar ɗaki ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Rashin azara bai hana shi yin baka ba, sai ma ya tura shi ya duba abin da daji ke iya ba shi.

Hasumiya huɗu, kowace da kamarta

Abin da ya fi jan hankalin masu kallon masallacin Yama shi ne hasumiyoyinsa. Huɗu ne, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi tana tsukewa yayin da take hawa, adonta yana ƙaruwa har zuwa kai. A jikin bangon akwai layukan ado da suka zagaye ginin kamar ɗamara, amma ba a tsayi ɗaya suke ba, wani ya hau wani ya sauka.

Wanda ya saba da zanen takarda zai iya cewa kuskure ne, tunda a makaranta an koya mana cewa dama ta yi daidai da hagu. Amma magini irin Falke ba daga takarda yake aiki ba. A al'adar maginan Hausa, a ƙasa ake shata gini, sauran kuma yana kan magini da idonsa. Yana gini yana ja da baya yana kallo, yana gyarawa. Hasumiyar da aka gina bana ta koya masa abin da zai yi a ta baɗi. Shekaru sun shiga tsakanin ta farko da ta ƙarshe, shi kansa ya ƙaru a cikinsu, kuma bai tilasta wa hannunsa maimaita abin da ya riga ya wuce ba. Wanda ya zagaya masallacin yana ganin tarihin tunanin mutum guda a tsaye.

Falke mutum ne da ya fita ya ga duniya, har ya sauke farali a Makka. Sunansa ma, a Hausa, sunan matafiyi ne, tilon fatake. Kubba da hasumiya abubuwa ne da duk mahajjaci yake cika ido da su. Amma ka dubi hoton Yama da kyau: ba za ka ce ga masallacin Makka ko na Masar ko na Istanbul da aka kwaikwayo ba. Tulluwar tana da dangantaka da rufewar da ke bayan gida. Hasumiyoyin sun fi kusa da suri da tuddan Adar fiye da dogayen hasumiyoyin dutse na gabas. Abin da ya gani a waje sai da ya bi ta cikin ƙasarsu da hannunsa kafin ya fito. Tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya tafi da idon da ya riga ya koyi kallo a gida. Wanda bai taɓa lura da rufewar ubansa ba, ko ya zagaya duniya, hoto kawai zai dawo da shi.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a manta ba. Jama'ar gari sun bar shi ya yi. Masallaci na kowa ne, kuɗi da gumi na kowa ne, kuma dattawan da suka nemi gini mai sauƙi a 1962 suna iya cewa abin da aka yi ya isa. Suka ci gaba da kawo ruwa da tubali ga mutumin da ke gina abin da ba su taɓa gani ba. Gwani ba ya fitowa inda ba a yi masa haƙuri ba.

Ba shi kaɗai ba ne

Falke yana cikin wani dogon jeri. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin kusan mita 27, asalinta tun ƙarni na 16, an sake ɗaga ta a 1844, kuma da laka take tsaye har yau. A Katsina akwai Gobarau. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907 har yanzu duk shekara gari ke fitowa a yi masa yaɓe, ranar ta zama biki. Shekara uku kafin Yama, a 1983, kyautar Aga Khan ta je ga masallacin Niono a Mali, aikin wani magini mai suna Lassina Minta, wanda shi ma ya shafe shekaru yana faɗaɗa gini ɗaya yana ƙawata shi.

Su ma masu digiri sun zo sun tarar da wannan sani. Hassan Fathy na Masar ya shafe rayuwarsa yana jayayya cewa tubalin laka ya fi dacewa da talakan ƙasa mai zafi, ya kuma koyi ɗaga rufi daga maginan Nubiya. Francis Kéré na Burkina Faso ya yi karatu a Jamus, ya dawo ƙauyensu Gando ya gina makarantar firamare da tubalin ƙasa a 2001. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fagen zanen gini.

Dalilinsu ba ƙaunar tsohon abu ba ce kawai. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da iska ta yi sanyi. Bulon siminti da rufin kwano kuwa nan take suke miƙa zafin ga wanda ke ciki. Duk malamin da ya taɓa koyarwa da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ƙarƙashin kwano ya san yadda yara ke narkewa a kan benci.

Dandaji: masallacin da ya zama ɗakin karatu

Labarin Falke bai ƙare a Yama ba. A garin Dandaji, shi ma a ƙasar Illela, akwai wani tsohon masallacin Juma'a na laka da ya fito daga hannunsa. Da shekaru suka ja, ginin ya lalace, jama'a kuma suka yi masa yawa, har aka fara maganar rushe shi a yi sabo. Sai wasu masu zanen gini mata biyu suka shigo cikin lamarin: Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Amurka, ta kuma kafa ofishinta a Yamai da suna Masomi, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran.

Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa mai ɗaukar kimanin mutum 1,000. Sabon an yi shi da bulon jar ƙasar wurin wadda aka matse da inji. Wajen gyaran tsohon kuwa, sai da aka nemo maginan da suka san ginin tun asalinsa aka yi aiki tare da su. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman zamanin Abbasiyawa suka haɗa karatun addini da na kimiyya. Aikin ya ci lambar zinariya ta gasar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa a matakin duniya a 2018.

Yau ɗalibai suna buɗe littafi a ƙarƙashin bakunan da manomi ya tsara. Mai digiri daga Amurka ta zo ta saurari maginan ƙauye, su ma suka koyi sabuwar dabara daga gare ta. Babu wanda ya ƙasƙanta a cikinsu.

Inda haɗarin yake

Kada mu yaudari kanmu, laka ba ta yafe sakaci. A watan Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Kowace damina kuma muna jin gidajen laka sun faɗa wa iyalai. Uban da ya ce shi siminti zai yi wa 'ya'yansa ba wawa ba ne.

Amma mu tambayi kanmu abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine shekaru ɗari da ɗoriya kafin yau. Mutane ne da suka san inda ake ɗebo ƙasa mai kyau, da yawan ramnon da ake zuba mata, da kwana nawa ake barinta ta ruɓa kafin a taɓa ta, da yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓen da ruwa ba ya ci, da inda ake kafa indararo don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Wannan sani ba a littafi yake ba, a hannu yake da ido. Matasan Adar da yawa suna tafiya cirani zuwa Abijan da Legas da Libiya, wanda ya dawo da kuɗi kuma bulo yake saya. Idan tsohon magini ya rasu babu yaro a bayansa, gininsa ma ya kama hanya. Abin da ke ɓacewa ya wuce bango, har da irin kallon da ya haifi bangon.

Abin da ya rage gare mu

Na taɓa shiga wani aji na firamare ana darasin zane. Malami ya zana gida a allo, mai rufi kamar tsinin dala da bututun hayaƙi a kai, yara suna kwafa. Babu yaro ɗaya a ajin da ya taɓa ganin irin wannan gida. Ta taga kuwa ana hango rufewa uku da zaure mai zankwaye. Wani yaro ya zana abin da yake gani ta tagar, aka ce bai bi umarni ba. Ban ga laifin malamin sosai ba, shi ma haka aka koya masa. Amma a ranar an koya wa yaron cewa abin da idonsa ya gani ba shi da daraja, na allo ne gaskiya.

A gida ma haka muke yi. Yaro ya je bakin kududdufi ya gina shanu da raƙuma na laka, ya dawo a yi masa faɗa don ya ɓata riga. Ya ƙera mota da karan dawa, ƙafafunta suna juyawa, a ce wasan banza ne, ya tashi ya ɗauki littafi. Littafi wajibi ne, babu jayayya. Sai dai yaron da ya gano da kansa yadda zai sa ƙafar mota ta juya ya riga ya fara lissafi da kimiyya, ko da bai san sunansu ba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kuɗi. Malami yana iya fita da ɗalibansa su tsaya gaban rufewa, ya tambaye su me ya sa cikinta ya fi bakinta faɗi, me ya sa aka ɗora ta a kan duwatsu ba a ƙasa ba. Yana iya sa su dafa bangon laka da na siminti daga ciki da tsakar rana, su faɗi abin da suka ji, sannan a nemi dalili. Yana iya ba su sanda ɗaya su karya, ya ba su dami su gwada, daga nan ya ba su labarin bakunan Yama. Yana iya gayyato maginin gari ya zo aji ya yi bayanin yadda yake gane ƙasa mai kyau, a karɓe shi da girmamawar da ake yi wa kowane malami. Makarantun da ke Illela da Ƙonni da Malbaza suna iya shirya ziyara zuwa Yama ko Dandaji, tunda gani ya kori ji. Waɗanda ke nesa, hotunan suna nan a intanet.

Uwa ko uba kuma, idan yaro ya kawo abin da ya gina ko ya zana, kafin a ce ya yi kyau ko bai yi ba, a tambaye shi: a ina ka ga wannan? Me ya sa ka yi shi haka? Tambayar tana nuna masa cewa kallonsa abu ne da babba ke son ji. Idan ya ce zai sake wani, a bar shi ya sake, ko da na biyun bai yi kama da na farko ba.

Ba kowane yaro ne zai zama magini ba, kuma ba shi ake nema ba. Likita yana buƙatar idon da ke lura, manomin albasa a Galmi yana buƙatarsa, haka injiniya da tela da alƙali. Falke Barmu ya fara da gini irin na kowa a 1962, ya gama da wanda babu irinsa a 1982, kuma kayan aikinsa ba su canja ba a tsakani: ƙasa ce, da ruwa, da sanduna. Magina sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke gabanmu a aji da tsakar gida ɗanyu ne yanzu, kuma suna kallo. Saura mu tambaye su abin da suka gani.